Yadda girgizar ƙasa ke haska abin da ke ƙarƙashin tsaunukan Himalaya

Ranar 25 ga Afrilun 2015, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa ƙasar Nepal, ta hallaka mutane kusan 9,000, ta kuma rusa dubban ɗaruruwan gidaje. Kimanin minti 12 bayan tsagewar ƙasa a can, motsin ya iso Yamai, tazarar fiye da kilomita 8,000. Babu wanda ya ji shi a Yamai, haka ma a Garwa da Njamena da Kumasi, domin kafin ya iso ya yi rauni ƙwarai. Na'urorin auna girgiza ne kaɗai ke iya kama irinsa.

Motsin da ya fara isowa ta cikin duniya ya ratso. Ya nutsa zurfin wajen kilomita 2,000, sannan ya lanƙwaso ya ɓullo a wannan ɓangare. A kan hanya ya keta duwatsu masu zafi da masu sanyi, kowanne kuma ya ɗan ƙara masa sauri ko ya rage. Da irin wannan ɗan bambanci na daƙiƙa ɗaya ko biyu masana kimiyyar ƙasa ke zana hoton wuraren da ɗan Adam bai taɓa kaiwa ba. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi zuba wa ido shi ne ƙarƙashin Himalaya da tudun Tibet, inda nahiyoyi biyu ke cikin karo da juna har yau.

Me ke cikin duniya?

Ana iya kwatanta duniya da mangwaro: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo a tsakiya. Daga inda mutum ke tsaye zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne. Ɓawon siriri ne. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa kan kai kimanin kilomita 35, a ƙarƙashin teku kuwa wajen kilomita 7. Daga nan sai tsokar, wadda masana ke kira mantil, ta miƙa har zurfin kilomita 2,900. Bayanta sai ƙwallon, wanda galibinsa ƙarfe ne.

Rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa tsaye shi ne na yankin Kola a arewacin Rasha. A 1989 ya kai mita 12,262, bayan an yi kusan shekara 20 ana aiki, kuma ko ɓawon bai huda ba. Ke nan babu batun a haƙa a gani.

Mutane da yawa na zaton tsokar duniya narkakken dutse ce. Daskararren dutse ce, sai dai zafi da nauyin abin da ke kanta kan sa ta motsa a hankali, santimita kaɗan a shekara, kamar yadda kwalta ke yin laushi a tsananin rana. Ɓawo da saman tsoka mai sanyi sun haɗu sun zama tauri guda, wanda ya rarrabu manya-manya. Kowane ɓangare shi ake kira faifan ƙasa, kuma waɗannan faya-fayai suna tafiya a kan tsoka mai laushi da ke ƙasansu. A inda suke gogar juna ne mafi yawan girgizar ƙasa ke aukuwa.

Igiyoyin da ke kawo labari

Mai sayen tukunya a kasuwa yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara, daga ƙararta ya gane ko da tsaga a jikinta. Babbar girgiza ita ce ke ƙwanƙwasa duniya, na'urori kuma su yi sauraro.

Idan dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, igiyoyi iri biyu ke bazuwa ta cikin duniya. Ta farko ana kiranta igiyar P. Tana matse dutse tana sakinsa kamar yadda sauti ke tafiya a iska, kuma ta fi sauri: kimanin kilomita 6 a daƙiƙa a cikin ɓawo, kilomita 8 a saman tsoka, fiye da 13 a can ƙasanta. Ta biyu ita ce igiyar S, wadda ke kaɗa dutse gefe da gefe. Ba ta kai ta farko sauri ba, kuma ba ta iya ratsa ruwa ko narkakken abu.

Wani masani ɗan Birtaniya, Richard Oldham, wanda ya yi aiki a Indiya ya kuma yi nazarin girgizar Assam ta 1897, shi ya fara bambance waɗannan igiyoyi a kan takardun na'ura. A 1906 ya nuna cewa duniya na da ƙwallo a tsakiya. A 1909 Andrija Mohorovičić na Kuroshiya ya lura igiyoyi na ƙara sauri kwatsam a wani zurfi, ta haka ya gano iyakar ɓawo da tsoka, wadda har yau ake kira Moho don tunawa da shi. A 1936 Inge Lehmann ta ƙasar Denmak ta gano cewa a cikin ƙwallon ma akwai wani ƙwallo. Dukansu ba su yi amfani da komai ba face lokacin isowar igiyoyi.

Yadda ake haɗa hoton

Wancan aiki na farko ya ɗauki duniya kamar albasa, ɓawo kan ɓawo, kowane zurfi iri ɗaya ko'ina. Daga tsakiyar shekarun 1970 masana irin su Keiiti Aki ɗan Japan da Adam Dziewonski na jami'ar Harvard suka fara neman bambancin da ke tsakanin wannan wuri da wancan a zurfi ɗaya. Dabarar ita ake kira tomografi, kuma ƴar uwa ce ga na'urar sikana ta asibiti, wadda ke harba haske ta kusurwoyi da yawa cikin jikin majinyaci, kwamfuta ta haɗa hoton abin da ke ciki.

Da farko masana na da lissafin lokacin da ya kamata igiya ta ɗauka daga wurin girgiza zuwa kowace tasha. Idan ta riga lokacin isowa, ta bi ta dutsen da ke saurin wuce da ita. Idan ta makara, ta bi ta wanda ke rage mata gudu. Hanya guda ba za ta faɗi inda aka yi jinkirin ba, kamar yadda direban da ya makara daga Maraɗi zuwa Agadas ba a sanin inda hanya ta riƙe shi sai an ji ta bakin wasu direbobi da suka bi wani sashe nata. Amma idan aka tara miliyoyin hanyoyi masu giciye da juna, daga dubban girgiza zuwa dubban tashoshi, kwamfuta kan raba cikin duniya gida-gida ta lissafa saurin kowane gida.

Galibi dutse mai sanyi ya fi tauri, igiya kan yi sauri a cikinsa. Mai zafi ya fi laushi, igiya kan yi nawa. Bambancin bai cika wuce kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba a cikin zurfin tsoka, amma ya isa. Faifan da ya nutse daga sama yakan riƙe sanyinsa miliyoyin shekaru, don haka yakan fito a hoton ɓaro-ɓaro. A taswirorin masana an saba ba wurare masu sauri launin shuɗi, masu jinkiri kuma ja.

Akwai wasu dabaru da ke taimakawa. Ɗaya tana bin igiyar P wadda ke rikiɗa zuwa S idan ta ci karo da iyaka tsakanin duwatsu iri biyu, da haka ake auna zurfin Moho a ƙarƙashin kowace tasha. Wata kuma, wadda Michel Campillo na Grenoble a Faransa ke cikin waɗanda suka ɓullo da ita a farkon shekarun 2000, ba ta ma jiran girgiza: tana amfani da ƙaramin motsin da igiyar teku ke sa wa ƙasa dare da rana.

Karon Indiya da Asiya

A da Indiya tsibiri ce a kudancin duniya, tsakaninta da Asiya akwai wani babban teku da masana ke kira Tetis. Ta nufo arewa da gudun da ya kai santimita 15 ko fiye a shekara, wanda gudu ne mai yawa ga faifan ƙasa. Ƙasan tekun da ke gabanta ya riƙa nutsewa ƙarƙashin Asiya har ya ƙare. Kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce nahiyoyin biyu suka haɗu.

Ƙasan teku yana da nauyi, nutsewa ba ta yi masa wuya. Ɓawon nahiya kuwa ba shi da nauyin haka, yana ƙin nutsewa. Shi ya sa ƙasa ta tattare ta hau kan juna. Dutsen da ke ƙololuwar Everest, mai tsayin mita 8,849, dutsen farar ƙasa ne da ya taru a ƙarƙashin teku, har da ragowar halittun ruwa a jikinsa. Bayan Himalaya kuma tudun Tibet ya tashi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 2.5, wanda ya fi Nijar da Najeriya idan an haɗa su, tsayinsa kuma ya haura mita 4,500 a galibin wurare.

Har yanzu Indiya na matsawa arewa da kimanin santimita 4 a shekara, kwatankwacin yadda farce ke tsiro. Tun daga farkon karon, ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 2,000 ta shige tsakanin nahiyoyin. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: ina ta tafi? A 1924 Émile Argand, wani masani ɗan Suwizalan, ya rubuta cewa Indiya ta kutsa ƙarƙashin Asiya ne ta ɗaga Tibet. A lokacin babu hanyar tabbatarwa.

Abin da hotunan suka nuna

Daga 1992 masana na Sin da Amurka da wasu ƙasashe suka fara wani shiri mai suna INDEPTH a kudancin Tibet. Ya nuna wata doguwar tsaga mai gangara a hankali zuwa arewa ƙarƙashin Himalaya, wadda ita ce saman faifan Indiya inda yake shigewa ƙasa. A kan wannan tsaga girgizar Nepal ta 2015 ta auku.

Tsakanin 2002 da 2005 wani shirin, Hi-CLIMB, ya jera na'urori kusa da kusa a kan layi mai tsawon kilomita 800, daga filayen kudancin Nepal zuwa tsakiyar Tibet. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna ƙasan ɓawon Indiya ya miƙe a kwance ƙarƙashin Tibet har tazarar kusan kilomita 450 daga gindin tsaunukan. A can kaurin ɓawo ya kai kilomita 70 zuwa 80, ninki biyu na abin da aka saba gani. Argand ya yi gaskiya, aƙalla game da kudancin tudun.

Hotunan da suka leƙa zurfi fiye da haka sun ƙara bayani. Faifan Indiya bai kutsa daidai wa daida ba: a yamma ya shiga nesa ƙarƙashin Tibet, a gabas bai yi nisa haka ba. A 2018 Jiangtao Li da Xiaodong Song na jami'ar Illinois sun wallafa hoton da ke nuna sashen faifan da ke cikin tsoka ya yayyage gida huɗu, da ratsin dutse mai laushi a tsakaninsu. Wasu daga cikin waɗannan yagewa suna ƙarƙashin dogayen kwaruruka da suka ratsa kudancin Tibet daga arewa zuwa kudu, inda ƙasa ke buɗewa gabas da yamma. A irin wannan kwari aka yi girgizar gundumar Tingri ranar 7 ga Janairun 2025, wadda hukumomin Sin suka ce ta kashe mutane 126.

A arewacin Tibet hoton ya bambanta. Igiyoyi kan yi nawa a saman tsoka, alamar zafi, kuma a sarari akwai duwatsun aman wuta da ba su daɗe ba. Wasu masana na ganin tushen faifan Asiya ne ya yi kauri har nauyinsa ya sa ya ɓalle ya nutse, dutse mai zafi ya cike gurbinsa ya ɗaga tudun. Wasu na ganin faifan Asiya ne ke nutsewa kudu ya tari na Indiya. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Shi ma tsohon tekun bai ɓace ba. A 1999 Rob van der Voo da Wim Spakman da Harmen Bijwaard suka nuna manyan ɓangarori masu sanyi a ƙarƙashin Indiya, a zurfin kilomita 1,000 zuwa fiye da 2,000. Sun fassara su a matsayin ƙasan tekun Tetis, wanda ya tsinke daga Indiya ya ci gaba da nutsewa. Daga inda kowane ɓangare yake a yau, ana iya lissafa inda bakin Asiya yake a lokacin da ya nutse.

Inda faifai ke tsinkewa a yanzu

A yammacin ƙarshen wannan karo, ƙarƙashin tsaunukan Hindu Kush a arewa maso gabashin Afganistan, ana yawan samun girgiza a zurfin kusan kilomita 200, abin da ba kasafai ake gani a tsakiyar nahiya ba. Ranar 26 ga Oktoban 2015 ɗaya mai maki 7.5 ta kashe mutane kusan 400 a Afganistan da Pakistan, aka ji ta har Delhi.

Tomografi ya nuna wani siririn faifai mai sanyi yana rataye a tsaye a wurin, har zurfin kilomita ɗari biyar ko fiye. Ya sirance a daidai zurfin da girgizar ke taruwa, kamar ƙullin fulawa da aka ja har ya kusa rabuwa. Nauyin sashen ƙasa ne ke jan sa, shi kuma na sama, mai ɗauke da ɓawon nahiya, ya ƙi bin sa. Masana da dama na ɗaukar Hindu Kush a matsayin wurin da ake ganin tsinkewar faifai tana aukuwa a wannan zamani.

Ƙofar Afirka ma na cikin karo

Layin karon bai tsaya a Indiya ba. Ya miƙa yamma ta Iran da Turkiyya har tekun Bahar Rum. Faifan Larabawa na tura Asiya arewa, yana matse faifan Anatoliya zuwa yamma. A kan tsagar da ke tsakaninsu aka yi girgizar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka mutane sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya. Hotunan ƙarƙashin gabashin Turkiyya sun nuna tsoka mai zafi dab da ɓawo, alamar cewa faifan da ya nutse a can ya riga ya tsinke.

Faifan Afirka kuma na matsawa Turai da kimanin milimita 5 a shekara a yankin Maroko. Matsin kaɗan ne, amma shi ya tara ƙarfin da ya fashe a tsaunukan Atlas ranar 8 ga Satumban 2023, inda mutane kusan 3,000 suka rasu, galibi a ƙauyuka masu ginin laka da dutse. A ƙarƙashin mashigin Jibralta hotuna sun nuna wani faifai rataye har zurfin kilomita 600, wanda ya bayyana dalilin wata girgiza mai zurfin fiye da haka da aka yi ƙarƙashin kudancin Sipaniya a 1954. Domin leƙa ƙarƙashin tsaunukan Alps, ƙasashen Turai sun haɗa tashoshi sama da 600 daga 2016 zuwa 2019 a shirin AlpArray.

Raunin hoton

Likita yana harba haskensa ta duk kusurwar da ya so. Masanin girgiza kuwa sai inda girgiza ta auku da inda aka kafa tasha. Girgiza na taruwa a bakin faya-fayai, tashoshi kuma sun fi yawa a Turai da Japan da Amurka da Sin. Wurin da igiyoyi kaɗan suka ratsa, hotonsa dishi-dishi yake fitowa. Ƙari a kan haka, saurin igiya na iya sauyawa saboda zafi, ko irin dutsen, ko ruwa da ɗan narkewa a cikinsa, kuma rarrabe su ba abu ne mai sauƙi ba. Saboda haka ƙungiyoyi biyu kan kalli bayanai iri ɗaya su fito da fassara biyu.

Shi ya sa ake neman shaida ta wata hanya. A 2022 Simon Klemperer na jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka wallafa gwajin iskar heliyom daga maɓuɓɓugan ruwan zafi sama da 200 a Tibet. Na arewa suna ɗauke da heliyom irin na tsokar duniya, na kudu kuma irin na ɓawo. Layin da ya raba su ya nuna inda faifan Indiya ya daina manne wa ƙasan Tibet.

Afirka na cikin nahiyoyin da ke da ƙarancin tashoshi, don haka kowace ɗaya na da daraja. Akwai ta Tamanrasset a kudancin Aljeriya, cikin jerin tashoshin Geoscope na Faransa. Akwai ta Torodi a yammacin Nijar, wadda aka kafa domin sa ido kan gwajin makaman nukiliya, amma tana kama girgizar ƙasa daga ko'ina. A Najeriya akwai cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi. A Kamaru an kafa tashoshi 32 na wucin gadi daga 2005 zuwa 2007, suka nuna dutse mai zafi har zurfin kusan kilomita 300 ƙarƙashin jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga Dutsen Kamaru ya bi ta Adamawa. A kan wannan jeri tafkin Nyos yake, wanda iskarsa ta kashe mutane sama da 1,700 a watan Agustan 1986. Wurin ba karon nahiyoyi ba ne, amma dabarar duba shi ɗaya ce.

Me hoton ke amfanawa?

Tomografi ba ya faɗin ranar da girgiza za ta zo, kuma babu wata kimiyya da ke iya hakan a yanzu. Amfaninsa shi ne nuna siffar tsagar: zurfinta, faɗinta, da inda take maƙale. Girman girgiza ya dogara ne da faɗin wurin da ya tsage da kuma nisan zamewar da ya yi, don haka sanin siffar na ba da damar ƙiyasta mafi munin abin da zai iya faruwa.

Daga santimita 4 da Indiya ke matsawa a shekara, kusan 2 na taruwa ne a kan tsagar da ke ƙarƙashin Himalaya. A shekara 100 mita 2 ke nan. Gabashin Nepal da Bihar sun yi babbar girgiza a 1934, Assam a 1950, Kashmir a 2005. Amma yammacin Nepal bai ga irinta ba tun 1505, wato matsin da ya taru a can zai kai mita 10. Girgizar 2015 ma ba ta fasa tsagar har sararin ƙasa ba, ta tsaya a ƙarƙashin yankin Katmandu, ta bar sashen kudu a maƙale. A gindin waɗannan tsaunuka, a filayen kogin Ganges, ɗaruruwan miliyoyin mutane ke zaune.

Irin wannan bayani ne ke shiga taswirar haɗari, wadda hukumomi ke dogara da ita wajen tsara dokar gini, da zaɓen inda za a kafa madatsar ruwa ko asibiti ko makaranta. Galibin waɗanda ke mutuwa a girgizar ƙasa gini ne ke faɗa musu, a Nepal haka aka gani, a Maroko da Turkiyya ma haka. Afirka ta Yamma na nesa da bakin faya-fayai, shi ya sa girgiza ba ta cika damunta ba, amma ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba: a watan Yunin 1939 girgiza ta rusa gine-gine ta kuma kashe mutane a Akara, birnin da yawan jama'arsa ya ninka sau da yawa tun daga lokacin.